Motar Sodnom Tana Tafasa

Kwarin Tamir, ƙarshen watan Mayu

Zuwa ga ƙanena Jamsran, a Incon,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka Norjma. Ina fatan kana lafiya, aikin garejin bai fi ƙarfinka ba, kuma abincin Koriya mai barkonon nan bai gama da cikinka ba. Mu nan sanyi ya sake mu. Tumaki sun haihu, mun rasa 'yan raguna kaɗan a iskar watan jiya, sauran kuwa sun kama ciyawa. Awaki ka san halinsu, ba sa barin abin da ba nasu ba. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta.

Maganin gwiwar da ka aiko ya iso, haka ma rigar. Na kuma ji cewa kai ka sa aka kunna wa marigayi mijina Sodnom fitilun man shanu a gidan ibada na Tsetserleg. Lokacin makoki ban sami bakin yi maka godiya ba, yanzu nake yi. Na gode, ƙanena. Mijina ya tafi bayan bikin Farin Wata na sabuwar shekara kana wata ƙasa, amma ka yi masa abin da na kusa ba su tuna ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Motarsa ce, farar nan ta Japan da ya saya hannu na uku, wadda mitarta ta wuce kilomita dubu ɗari uku tun kafin ka tafi. Duk sanyin nan lafiya lau take. Da rana ta fara zafi sai ta ɗauki tafasa. Allurar zafi takan hau har ja, tururi ya taso daga bonet, ni kuma in zauna a bakin hanya ina jira ta huce.

Na lallaɓa na kai ta wajen bakaniken gari. Ya buɗe bonet, ya leƙa mita, ya yi tsaki. Ya ce, "Egce, babbar yaya, wannan ai ta ci zamaninta ta ci na wasu. Gaskit ne ya ƙone. Sai an sauke inji, kuma ko an sauke ban ɗauki alkawari ba." Na ce masa ko likitan dabbobi yakan taɓa saniya kafin ya ce a yanka.

Kuskuren da na yi shi ne na faɗa wa ɗana Tubshin a waya. Ka san tun ranar da aka binne ubansa yake so ya ɗauke ni zuwa babban birni, Ulanbator. Yanzu ya sami hujja. Ya ce, "Eji, uwata, ba ki iya hawa doki, rijiya ta yi nisa, ƙaurar kaka tana tafe. Ba mota, ba zama. Bayan bikin Nadam zan zo, in tana nan yadda take, za mu sayar da dabbobi ki biyo ni." Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. In babu motar nan ba zan iya ɗebo ruwa ba, ba zan iya kwashe ger ɗina, tantin da nake zaune a ciki, zuwa mazaunin hunturu ba. Amma ni ba na son in ƙare rayuwata cikin hayaƙin gawayi ina kallon katangar katako. Tsoro nake ji, Jamsran, kuma kai kaɗai na faɗa wa.

Kullum hannunka cikin injin tsofaffin motoci yake. Faɗa mini gaskiya, ta mutu ko da sauranta?

Yayarka,
Norjma

Incon, tsakiyar watan Yuni

Egce Norjma,

Ina gaishe ki, ina gaida dabbobi. Lafiyata ƙalau. Na ji daɗi maganin ya iso.

Ki ajiye motar nan, kada ki ƙara tuƙa ta. Tubshin bai yi ƙarya ba, mota mai irin wannan shekaru ba a shiga daji da ita mutum shi kaɗai. Zan rubuto miki sosai nan gaba.

Ƙanenki,
Jamsran

Kwarin Tamir, ƙarshen watan Yuni

Jamsran,

Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, tun da ka tambaya a rabin layi. An yi ruwa, mun fara sausayar tumaki.

Na karance wasiƙarka kafin shayina ya huce. Direban motar haya ya yi ratse na musamman don ya kawo mini ita, na ba shi cuku da man shanu na tukwici, ashe abin da ke ciki bai kai nauyin cukun ba. Rubutun ma a karkace, kamar a tsaye ka yi shi kana sauri. Ni ce na goya ka lokacin da Eji take bin shanu, ni ce na koya maka ɗaure igiyar ger. Yau na zama wadda ake sallama da layi huɗu.

"Tubshin bai yi ƙarya ba." Madalla. Ashe kawu da ɗan 'yar'uwarsa sun riga sun gama magana, ni ce ban sani ba. Da ka fito fili ka ce in naɗe kayana, da ya fi mini sauƙi.

Ka ce in ajiye ta. Ruwan kuma kai za ka aiko mini daga Koriya? Ina tuƙa ta, kuma zan ci gaba. Da sassafe nake fita tun da sauran sanyi. In tana tsaye a bakin rijiya tana aiki, allura ba ta motsi, sai ka ce ba ita ba. Da na ɗora durom na kama hawan tudun nan na bayan kogi, sai ta fara hawa. Maƙwabciyata Handa ta ce mijinta yakan kunna hita in tasu ta yi haka. Na gwada, allurar kuwa ta ɗan sauka. To haka nake tafe yanzu, tsakiyar bazara da hita a kunne, tagogi a buɗe, gumi har cikin takalmi. Ruwan lagireto kuma ba ya raguwa sai ranar da ta tafasa ta zubar. Ba don neman shawararka nake faɗa ba, don ka san halin da ake ciki ne.

Jiya na tsaya a kan tudun ina jira ta huce, na hango ger ɗina da tumakin a ƙasa, na yi kuka. Ba motar nake yi wa ba. Na ga kamar duk wanda nake da shi ya riga ya yanke cewa zamana a nan ya ƙare.

Ga busasshen nama na saka maka duk da haka, don na san ba ka cin abin kirki.

Norjma

Incon, farkon watan Yuli

Egce Norjma, yayata abar girmamawa,

Ina gaishe ki da kyau, gaisuwa cikakkiya wannan karon. Yaya gwiwa, yaya sausaya, yaya ciyawar bana? Ki gaida Handa da mai gidanta. Naman ya iso, mu biyar 'yan gida muka taru a kansa, wani ɗan lardin Hobd na can gida har da share hawaye.

Ki yi haƙuri da waccan wasiƙar. Giyabos ne ya zame ya danne mini hannun dama, aka naɗe shi da bandeji. Da hagu na rubuta, shi ya sa kika ga layin a karkace. Ban faɗa miki ba don kada in ƙara miki damuwa, ashe wadda na ƙara ta fi. Hannun ya warke, ga rubutun nan shaida. Tubshin kuwa ban yi magana da shi ba tun makoki. Abin da nake tsoro shi ne ta tsaya miki inda babu kowa, ko kuma zafin ya kashe injin da gaske. Ni in ce ki bar Tamir? To in na dawo ina zan sauka?

Faɗan da kika yi mini ya fi kowace wasiƙa amfani. Na karanta wa mai garejinmu, na tsallake wajen goyo. Ruwa ba ya tsami banza, Egce, kuma abin da kika lissafa bai yi kama da ƙonewar gaskit ba. Motar da gaskit ɗinta ya ƙone takan sha ruwa kullum. Taki ba ta sha. Amma kada mu yi irin na bakanikenku, mu taɓa saniyar tukuna.

Da safe, inji a sanye, ki zaro sandar baƙin mai ki duba, ki kuma buɗe murfin da ake zuba man. In kin ga abu fari-fari kamar shayin madara, ruwa ya shiga mai, wannan mummunan labari ne. In baƙi ne ƙirin, madalla. Sai ki buɗe murfin lagireto, ki tayar da ita, ki sa ido a ruwan. In kumfa tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa, gaskit ne. Ki zagaya baya ki duba salansa ko tana fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya ɗumama. Kuma ina roƙonki, kada ki taɓa murfin nan in tana da zafi, na ga mutumin da ya rasa fatar fuskarsa a haka.

In duk wannan lafiya, ki mayar da murfi, ki bar ta tana aiki har fanka ta tashi. Ki taɓa babban tiyon sama ki ji ko ya yi zafi, don mu san ruwan yana zagayawa.

Abin da na fi zargi shi ne iska. Da kika ce hita yana saukar da allura, wato ruwan yana gudu, wurin hucewa ne ya rasa. Lagireto da iska yake rayuwa. A wajenku 'ya'yan ciyawa da gashin dabbobi da fari sukan toshe shi. Ki kashe inji, ki sa Handa ta haska tocila daga bayansa, ta wajen fanka, ke kuma ki leƙa ta ragar gaba, ki rufa da riga don ki sami duhu. Ya kamata haske ya ratso ko'ina. In bai ratso ba, ki kwance faifan robar da ke saman lagireton ki leƙa ciki. Akwatin kayan aikin Yaya Sodnom yana ƙarƙashin kujerar baya, in bai canza wuri ba.

Ban ce ta warke ba. Na ce dai kada a yanka ta tukuna. Wannan wasiƙar na ba wani da zai sauka Ulanbator jibi, na roƙe shi ya sa ta a motar Tsetserleg a ranar, don ta riga Tubshin isowa.

Ƙanenki da kika goya,
Jamsran

Kwarin Tamir, ƙarshen watan Yuli

Ƙanena Jamsran,

Ina gaishe ka, ina gaida hannun. Ka riƙa shafa masa kitsen wutsiyar tunkiya in kana samu a can. Kuma nan gaba in abu ya same ka ka faɗa, ni ba jaririya ba ce. Maganganun da na yaɓa maka ka zubar da su. Mu nan lafiya, ciyawa har gwiwa, dabbobi sun yi ƙiba. An yi Nadam, dokin mijin Handa ya zo na kusa da ƙarshe, har yau ba a yi masa maganar.

Wasiƙarka ba ta riga Tubshin ba. Tare suka iso, a mota ɗaya, shi ya miƙo mini ita bai san abin da ke ciki ba. Ya riga ya shirya da wani mai sayen dabbobi da zai biyo baya in an kira shi. Na karanta a gabansa, na ce a ba ni safiya ɗaya. Ya ce, "Eji, Kawu yana Koriya, ta takarda zai gyara mota?" Na ce, "Kai da kake tsaye a gabanta me ka gyara?"

Da safe na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Mai baƙi ƙirin. Ruwa shiru, ba kumfa. Salansa ba hayaƙi. Fanka ta tashi, tiyo ya yi zafi. Tubshin yana tsaye hannu a aljihu, ya ga dai ba zan bari ba, sai ya karɓi tocilar daga hannun Handa, wadda take haska sama da ƙasa tana ba ni labarin surukarta. Na durƙusa a gaban motar, na lulluɓe kaina da riga.

Na ce, "Kunna mana."

Ya ce, "Ai a kunne take."

Duhu ne ko'ina, Jamsran. Sai da ya matsa da hannunsa tsakiya na ga haske, zagaye guda, faɗinsa kamar bakin kwanon shayi. Na ce ciyawa ba ta toshe abu ta bar rami a zagaye haka. Handa ta ce, "Ko ɓera ne ya yi gida?" Na ce, "Ɓeran da ya iya zana da'ira sai a kai shi makaranta."

Tubshin ya ɗauko akwatin, ya kwance faifan robar. Ya zura hannu tsakanin lagireto da ragar na'urar sanyi da ke gabansa, ya ce akwai abu. Ya yi ta ja, sai ga shi ya fito. Esgi ne, irin ulun da muke dannewa mu rufe ger da shi, an yanka daidai faɗin lagireton, an huda rami a tsakiya, an ɗinke bakinsa da zaren gashin raƙumi. Ɗinkin nan mai manyan taku, ko a mafarki na gan shi na san hannun Sodnom ne.

Handa ta tafa hannu ta ce, "Kayya, rigar sanyi ce. Motar nan da rigar hunturu take yawo tun bara."

Ka san kowa a nan yakan rufe gaban motarsa in sanyi ya shigo, da kwali ko da esgi, don kada inji ya daskare. Amma kowa a waje yake ɗaurawa, inda ido zai gani a cire in bazara ta zo. Na ga gaban tamu fayau, ban kawo komai a raina ba. Mijin Handa ne ya warware mana. Ya ce shekarun baya Sodnom ya gaji da awakina, duk abin da ya ɗaura a gaban motar sai sun cinye kafin safe, shi ne ya koma cusa shi a ciki. Yakan saka da kaka ya cire da bazara, shi kaɗai, bai taɓa ganin abin faɗa ba ne. Kakar bara ya saka, bai kai lokacin cirewa ba.

Na zauna a ƙasa da abin nan a cinyata. Watanni ina zagin motar, ina zagin bakanike, na zage ka, ashe mutumin nan ne ya lulluɓe ta don kada ta ji sanyi. Na yi dariya har na koma kuka. Handa ta taya ni duka biyun.

Tubshin ya mayar da faifan robar. Ya cika durom biyu, ya ce in shiga, shi zai tuƙa. Da tsakar rana muka kama tudun bayan kogi, hita a kashe. Idona yana kan allura, nasa ma haka, har muka kusa faɗawa rami. Allurar ta hau zuwa tsakiya ta tsaya. Ya sauko ya sake hawa, ya ƙara wuta da gangan. Allurar ba ta motsa ba. A saman tudun ya kashe inji ya ce, "Ki faɗa wa Kawu ya aiko da sabon fambel da tiyo, waɗannan sun tsufa." To ka ji, na faɗa maka.

Da yamma ina dama shayi na ce, "Mai sayen dabbobin fa?" Ya ce ya aika masa kada ya zo. Sai ya ɗauko esgin, ya kakkaɓe shi, ya tsaya yana bin ɗinkin da yatsa. Na ce ya ba ni in adana, in sanyi ya shigo na san yadda zan yi.

Ya ce, "Da wannan gwiwar za ki durƙusa ki cusa shi? Hannunki ma ba zai kai ba."

Na ce, "Mijin Handa yana nan."

Ya ce, "Mijin Handa ya ji da dokinsa. Aikin Baba ne, ni zan yi. Zan zo da kaka in saka, in taya ki ƙaura. In bazara ta yi in dawo in cire." Ya naɗe shi ya saka cikin jakarsa, wai don kada in riga shi.

Jamsran, yaron nan tun da ya tafi birni sau ɗaya yake zuwa a shekara, wani lokacin ma ba ya zuwa. Na rubuto maka ina neman mota, ka ga abin da na samu. Ba ni da kalmar da za ta ishe ka godiya. Ka zauna a wata ƙasa da hannu mai ciwo, ka sha faɗana, ka tsinci maganin a cikin faɗan. Da safe na yayyafa madarar farko wajen gabas, inda kake, na ambaci sunanka.

Tubshin ya koma jiya. Ni na kai shi gari da motar, na dawo ni kaɗai da rana tsaka, na biya ta rijiya na ɗebo ruwa. Ina nan a Tamir. In ka dawo ka san inda za ka sauka.

Yayarka mai godiya,
Norjma